Waiwaye: Zamanin da Kunne Ke Gaba da Sifana

A shekarar 1975 masana'antar haɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da mota. Daga nan har kusan shekara talatin, Fijo 504 ce ta mamaye titunan Arewa. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce motar ɗan kasuwa, ita ce doguwar da ke lodi daga Kano zuwa Maiduguri, ita ake ɗauko amarya da ita. A gefenta kuma wani rukunin kanikawa ya taso, mutanen da suka yi shekara da shekaru suna kwance mota iri ɗaya suna ɗaurawa har suka haddace muryarta. Ba su da kwamfuta, da yawansu ma ba su yi nisa a boko ba. Amma suna da wata ƙa'ida da ba sa karyawa: idan an kawo mota saboda ƙara, ba a ɗaga sifana sai an zagaya da ita an saurara.

Wannan ƙa'ida nake so mu waiwaya, ta hanyar matsala guda da kusan duk mai mota ya taɓa gamuwa da ita. Ina nufin siririn kukan nan da mota ke yi idan an taka totur, wanda ke farawa ƙasa-ƙasa, yana yin sama yana ƙara tsini gwargwadon yadda ƙafa ke nutsewa. A ganina wannan kuka ne ma'aunin da ya fi saurin raba bakanike mai bincike da mai canki-canka, domin wuraren da zai iya fitowa suna da yawa, kuma tsakanin mafi araha da mafi tsada akwai tazarar da za ta iya cinye albashin wata da watanni.

Mu da muka ga wancan zamani muna tuna yadda abin ke gudana. Mai mota zai iso gareji ya ce, "Maigida, motar nan kuka take yi." Maigidan ba zai buɗe bonet ba. Zai goge hannu ya ce, "Alhaji, bismilla, mu ɗan zagaya." Ya zauna a gaba, ya sa yaro ɗaya a kujerar baya, ya kashe rediyo. Idan an hau titi mai sarari sai ya fara ba da umarni a taƙaice: "Taka. Saki. Canza giya. Sa ta a firi." Lokaci-lokaci ya juya ya tambayi yaron, "Kai, daga ƙarƙashinka kake ji, ko daga gaba?" Kafin a dawo gareji ya riga ya rage waɗanda ake zargi daga goma zuwa biyu.

Babu siddabaru a cikin abin. Tambaya ɗaya yake nema wa amsa: kukan nan, inji yake bi ko taya? Kusan duk abin da ke juyawa a jikin mota yana cikin ɗayan gida biyu. Akwai masu juyawa da juyawar inji, ko motar na tafiya ko tana tsaye: bel, altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari, kwamfuresan esi da ƙananan fuli. Akwai kuma masu juyawa sai in taya na juyawa: boris ɗin ƙafa, farfela, aksul, da su kansu tayoyin. Giyabos na zaune a tsakani, kansa a gidan farko, ƙafarsa a na biyu. Wanda ya gane gidan da kukan yake, ya yi rabin aiki ba tare da ya kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Gwajin farko ana yin sa ne mota na tsaye. A ja birkin hannu, a sa ta a firi, ko a harafin P in atomatik ce, a taka totur a hankali a saki. Idan kukan ya tashi ya sauka tare da inji alhali ba a motsa ba, to a bar zargin taya da aksul, matsalar na gaba. Gwaji na biyu a kan titi ake yi. A kai motar daidai gudun da kukan ya fi fitowa, a riƙe wannan gudun, sannan a canza giya. Muryar inji za ta sauya. Idan kukan ya sauya tare da ita, ɗan gidan inji ne. Idan ya tsaya yadda yake, gudun taya yake bi. Gwaji na uku shi ne taka-saki: a gudu ɗaya, a taka totur, a ɗaga ƙafa, a sake takawa. Kukan da ke zuwa da takawa ya ɗauke da sakewa yana nuna haƙoran ƙarfe da ke ɗaukar nauyin turin mota, wato aksul ko giyabos. Duk wannan a yi shi a hanyar da babu cunkoso, kuma kada a kuskura a kashe inji mota na tafiya, domin sitiyari da birki za su yi tauri, sitiyarin ma zai iya kullewa.

A zamanin Fijo waɗannan gwaje-gwaje sukan wadatar, saboda waɗanda ake zargi kaɗan ne. Abin da bel ke juyawa bai wuce fanka da famfon ruwa da altaneta ba, sai esi a wasu. Ƙarfin inji kuma tayoyin baya yake zuwa, ta farfela da aksul, shi ya sa ake zaunar da yaro a baya. Sai zamani ya juya. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin hannu suka fara kwararowa daga Turai da Amurka, da yawa ta tashar jirgin ruwan Kwatano: Golf, Corolla, Camry, Accord, Sharon da sauransu. Yawancinsu da tayoyin gaba suke ja, giyabos da aksul a gida ɗaya a gefen inji. Da yawa atomatik ne. Kuma a mafi yawan na baya-bayan nan dogon bel guda ne ke zagaye abubuwa biyar ko shida, kowanne da boris ɗinsa. Bakaniken da ya ƙware a murya ɗaya ya wayi gari da muryoyi iri-iri a gabansa, duk suna fitowa daga lungu ɗaya. A daidai lokacin da sauraro ya fi zama dole, a lokacin ne ya fara ja da baya.

Bari mu bi gidan inji tukuna, tunda nan kukan ya fi yawa kuma nan gyara ya fi sauƙi.

Famfon sitiyari shi ne mafi saurin tona kansa. Idan ana murza sitiyari mota na tsaye kukan na ƙaruwa, musamman in an kai shi ƙarshe, to a buɗe robar man sitiyari a duba. Mai ya yi ƙasa, ko yana kumfa, alama ce iska na shiga. Ƙara mai kawai ba gyara ba ne, sai an gano inda yake zuba ko inda iskar ke kutsawa. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda 'yan kasuwa ke kira EOD da DC, an san ta da wannan kuka, musamman da sanyin safiya, kuma sau da yawa wani ɗan zoben roba ne a bakin famfon ya taurare yana barin iska ta shiga. An sha canza famfo sukutum a kan abin da zoben nan kaɗai zai magance. Nau'in man ma abin lura ne: Honda tana da nata man sitiyari na musamman, Toyota da yawa kuwa man giyar atomatik ake zuba musu a sitiyari. Sannan a sani, Corolla daga 2009 da Camry daga 2012 irin waɗanda ake kawo mana daga Amurka sitiyarinsu na lantarki ne, ba famfo ba mai. Duk wanda ya ce wa mai irin wannan mota famfon sitiyarinta ne ke kuka, bai ma leƙa ba.

Altaneta kan yi kuka ta hanya biyu. Ko boris ɗinta ya bushe, ko wani abu ya ƙone a cikin kayan lantarkinta. Idan aka kunna fitilu da fankar esi da duk abin da ke jan wuta kukan ya ƙaru, zargi ya koma kanta. Mai gyaran wayarin zai sa mita a kan batir: inji na aiki ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Akwai kuma kukan da ba a inji yake ba sam, a cikin lasifika yake. Yana tashi da totur daidai wa daida, amma da an kashe rediyo sai ya ɗauke. Wannan yawanci sakacin haɗa waya ne lokacin da aka ɗaura sabon rediyo ko manyan lasifiku, ko kuma altanetar ce ke fitar da wuta mara tsabta. Dalilin da ya sa tsofaffin nan ke fara kashe rediyo ke nan.

Sai bel da ƙananan fulin da ke riƙe shi. Bel da ya saki ko ya tsufa tsuwwa yake yi mai kaifi, musamman da an tayar da mota ko an kunna esi. Boris ɗin fuli kuwa kuka yake yi mai ɗorewa wanda ke bin totur. Akwai dabara mai sauƙi ta raba su: a fesa ɗan ruwa a kan bel inji na silo. Idan sautin ya sauya nan take, bel ne ko ɗaurinsa. Idan bai ko gezau ba, boris ne. Dabarar da ta fi wannan yanke hukunci ita ce a cire bel ɗin gaba ɗaya, inji da sanyi, a tayar na ɗan lokacin da bai kai minti ɗaya ba. Idan kukan ya ɓace, mai laifin yana cikin abubuwan da bel ke juyawa. Sai a kashe, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana juyawa da hannu. Lafiyayyen boris yana juyawa sumul ba sauti. Wanda ya mutu za a ji yana gurzawa ko yana lilo.

A nan ne doguwar sukudireba ta yi suna. Bakanike zai ɗora bakinta a jikin altaneta ko famfo, ya manna kunne a mariƙinta, ƙarfe ya kawo masa abin da ke gudana a ciki. Mai sayen tulu a kasuwa ma haka yake yi: ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara, sautin ya tona masa tsagar da ido bai gani ba. Sai dai wannan aiki ne na wanda ya saba. Ba a kusantar bel da fanka da babbar riga, ko hannun riga mai faɗi, ko carbi a hannu, kuma fankar motocin yanzu kan tashi da kanta ba sallama.

Ragowar 'yan gidan ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Kwamfuresan esi yana kuka in an kunna, ya yi shiru ko ya sauya in an kashe. Famfon ruwa kan haɗa kukansa da ɗigon ruwa da raguwar ruwan lagireto. Motar da aka canza wa bel ɗin tayimin jiya ta fara kuka yau, da alama an ɗaure shi fiye da kima. Tiyon iska da ya tsage fito yake yi, inji kuma ya riƙa rawa a silo. Mota mai turbo, irin dizal da yawa, ɗan siririn fito ɗabi'arta ce, amma in ya koma jiniya, ga hayaƙi mai shuɗi, ga ƙarfi ya ragu, a tsaya. Famfon mai da ke cikin tanki kuwa kukansa daga baya yake zuwa, a murya ɗaya, ba ya bin totur. Al'adarmu ta yawo da mai a gindin tanki tana rage masa kwana, domin man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Idan aka koma gidan taya, abin da ya fi yawa shi ne boris ɗin ƙafa. Nasa ya fi kama da gurnani, yana ƙaruwa da gudu, ba ruwansa da giyar da ake ciki. A kan titi mai sarari, in aka ɗan karkata hagu da dama sautin kan sauya, domin nauyin mota na komawa ɓangare ɗaya, kuma galibi ƙafar da nauyi ya hau ita ce mai ciwon in ƙarar ta ƙaru. Tayar da ta cinye ba daidai ba takan kwaikwayi wannan gurnani, don haka a shafa ta da tafin hannu kafin a yanke wa boris hukunci.

Aksul na baya, a motoci irin su Hiace da Hilux da tsohuwar Fijo, shi ne uban kukan taka-saki. A cikinsa akwai haƙoran ƙarfe biyu, babba da ƙarami, da ke cizon juna a wani zama da aka auna da kyau. Idan mai ya ragu, ko haƙoran suka cinye, ko boris ya saki zaman ya goce, sai su fara waƙa a duk lokacin da aka ɗora musu nauyi. Kukan da ke zuwa in an ɗaga ƙafa kuma yakan nuna boris ɗin ƙaramin haƙorin ya saki. Abin da ke kashe aksul a ƙasarmu sananne ne: lodi fiye da kima, sil da ke yoyo ba a kula ba, da kutsawa cikin ruwa da damina. Aksul mai zafi in ya nutse a ruwa yakan zuƙo shi ta ƙofar numfashinsa, man ya koma launin shayi mai madara, ya daina kare ƙarfe.

Giyabos na hannu yana da nasa gwajin. Mota na tsaye a firi, idan ana jin ƙara sai aka taka kuloci ta ɗauke, boris ɗin cikin giyabos ne. Idan kuma sai an taka kulocin ƙarar ke zuwa, boris ɗin kulocin ne. Kukan da ke fitowa a giya ɗaya kaɗai haƙoran wannan giyar ne. Kukan ribas kuwa ba ciwo ba ne, haka aka yanka haƙoransa a miƙe. A atomatik, kukan da ke bin inji har a tsaye yakan fito daga famfon cikin giyabos in mai ya yi ƙasa ko matatarsa ta toshe. Lafiyayyen man irin waɗannan giyabos yawanci ja ne garau. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, an makara ko ana dab da makara. Sabon nau'in da ake kira CVT, wanda ke cikin Nissan da yawa da mafi yawan Corolla daga 2014, yana da ɗan kukansa na halitta, amma yana ƙaruwa in man ya tsufa ko ya yi zafi, abin da zafin watan Afrilu da doguwar tafiya ke saurin jawowa. Shi kuma mansa daban ne. Zuba masa man atomatik na gama-gari hanya ce ta kashe shi.

Duk wannan ilimi ba ɓoyayye ba ne. To me ya sa yau ake yawan jin an canza abu uku kukan na nan? Wasu za su ce kwamfuta ce ta lalata kanikawa. Ban yarda ba. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata kafa da ake jona na'urar bincike, Turai ma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, kuma wannan na'ura alheri ce babba. Tana gano matsalar da a da sai an kwana uku ana lalube. Amma abin da na'urorin lantarkin mota suka gani shi kaɗai take faɗa. Boris da ya bushe, fuli da ke lilo, haƙorin aksul da ya cinye, babu ɗayansu da zai kunna fitilar gargaɗi. Za a jona kwamfuta ta ce lafiya lau, motar kuwa na kuka. Daga nan wanda bai koyi sauraro ba sai ya koma zato, kuma zato yakan faɗa kan abu mafi girma.

Na ga haka a kan wani ɗan'uwana da ke da mota atomatik. An ce masa giyabos ne, har ya fara cigiyar ɗan Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa. Kafin ya biya, wani dattijon bakanike ya ce masa, "Malam, ka ba ni minti goma." Ya tayar da motar a tsaye, kukan ya fito. Ya sa yaro ya cire dogon bel, ya sake tayarwa, tsit. Ya bi fulin da hannu har ya kai kan ƙaramin da ke ɗaure bel, ya ce, "Zo ka juya da kanka." Yana juyawa ya ji gurzawar a yatsunsa. Abin da aka saya bai cika tafin hannu ba. Wanda ya fara ce masa giyabos ne ba lallai ne macuci ba. Mai yiwuwa bai taɓa ganin an yi wannan gwaji ba.

Ɗaya gefen kuma ya fi ban tsoro, wato mai motar da ya saba da kukan har ya daina jin sa. "Ai haka take," in ji shi, ya ƙara muryar rediyo. Ƙaramin fulin nan in ya cije, bel zai tsinke. Nan take batir ya daina caji, sitiyari mai famfo ya yi tauri, a motoci da yawa famfon ruwa ya tsaya inji ya ɗau zafi. Boris ɗin ƙafa in ya watse taya na iya fita. Aksul da ya bushe yana iya cijewa mota na tsakiyar gudu da fasinja cike. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, sai dai a kan babbar hanya ba shi kaɗai yake gani ba, har da waɗanda suka ba shi amanar rayukansu.

Gyaran ma yana da nasa amanar. Shafa wa bel sabulu ko man birki yana kashe ƙarar na yini ɗaya ne kawai. Idan bel ya tsufa, a duba abin da ke ɗaure shi a lokaci guda, domin tare suka tsufa. Boris ana shigar da shi ne da matsi daidai, wanda aka buga da guduma ta inda bai dace ba ya fara mutuwa tun kafin mota ta bar gareji. Haƙoran aksul ana canza su ne biyu tare, a shafa musu launi a juya a ga inda suke cizon juna, a daidaita. Kayan jabu sun cika kasuwa daga Panteka har Ladipo, a kwali mai sunan manyan kamfanoni, kuma araha ba ta ado. Haƙoran da suka riga suka cinye kuwa babu man da zai mayar musu da ƙarfen da suka rasa. Wanda ya ɗura mai kauri don kukan ya lafa ya sayar da motar ga wanda bai sani ba, algus ya yi, kuma ya san hukuncin algus. Masu mota su ma su rage wanke inji da ruwa mai ƙarfin feshi, domin yana kutsawa cikin boris ya wanke giris, ƙurar hunturu ta zo ta ƙarasa aikin.

Idan ba kwamfuta ce ta kore sauraro ba, mene ne? Ina ganin mu masu mota muna da babban kaso. Mun saba ba ma biyan bakanike sai mun ga an kwance wani abu an ɗaura sabo. Wanda ya ɓata awa guda yana zagayawa da mota, yana cire bel, yana manna kunne, daga ƙarshe ya ce zoben roba ne, sai mu miƙa masa kuɗin shan ruwa mu ce ai bai yi komai ba. Wanda ya sauke giyabos kuwa mu biya shi da girmamawa, ko da ba giyabos ɗin ba ne. Yaron gareji yana kallon wannan kullum. Ya ga inda kuɗi yake, ya koyi kwancewa da ɗaurawa cikin gaggawa, ya buɗe nasa wurin kafin kunnensa ya nuna. Mu muka nuna masa cewa bincike ba ya kawo abinci.

Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai aka saki naira, farashin kayan gyara ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. A irin wannan hali canki-canka ya zama abin da talaka ba zai iya ɗauka ba. Don haka kowa na da aiki a gabansa. Mai mota ya riƙa kashe rediyo lokaci-lokaci ya san muryar motarsa tana lafiya, don ya gane ranar da ta sauya. In kuka ya fara, ya lura: a tsaye ko a tafe, da sanyi ko da zafi, da takawa ko da sakewa, da murza sitiyari ko da kunna esi, bayan wane gyara ko wace tafiya ya fara. Ya ɗauki sautin a waya. Ya duba ƙasan inda motar ta kwana ko akwai ɗigon mai. Ya kai ta da wuri, ba ranar da zai yi doguwar tafiya ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. In an faɗa masa abin da ya lalace, ya tambaya cikin ladabi, "Oga, ta yaya aka gane?" Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ma ja hannunka ya nuna maka.

Iyayen gidan gareji kuma, musamman dattawan da suka ga zamanin Fijo, su sani abin da ke cikin kunnensu dukiya ce da ba a rubuta a ko'ina ba. Su riƙa sa yara a kujerar baya suna tambayarsu me suka ji. Su haɗa musu da na'urar zamani, domin yaron da ya iya karanta kwamfuta kuma ya iya sauraron ƙarfe ya fi ubangidansa, kuma haka ake so.

Mu kuma mu gyara hannunmu wajen biya. Ranar da bakanike ya ɓata lokacinsa ya gano maka cewa ƙaramin abu ne, ka tuna kuɗin babban abin da ya hana ka kashewa, ka biya shi ladan bincikensa da kyau, a gaban yaransa. Idan gano ciwo ya zama aikin da ake ci da shi, za a samu masu koyon sa, motocinmu za su daɗe, kuma za a rage gawar da ake kwasowa a hanya saboda ƙaramin boris da ya yi wata uku yana gargaɗi.